Malam Edita, a daina yi wa kiɗan rok kuɗin goro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina gaisuwa, kai da duk ma'aikatan gidan nan, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne tun da daɗewa kuma ban saba rubuto wasiƙa ba, amma abun da na gani a shafin nishaɗi kwanakin baya ya hana ni sakat. Wani bawan Allah ya yi rubutu a kan tarbiyyar matasa, rubutu mai kyau wallahi, na yarda da kusan duk abun da ya faɗa, sai da ya iso kan kiɗa kawai ya ce wai rok, wato kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna, kiɗan shaiɗan ne, ihu ne da hayaniyar 'yan ƙwaya masu dogon gashi, ya faɗa a layi biyu ya wuce abunsa kaman magana ce da kowa ya gama yarda da ita. Toh ni ban yarda ba, kuma ina roƙon a ba ni fili in faɗi dalili.

Tun farko dai ni ba malami ba ne, maganar hukuncin kiɗa a addini malamai sun tattauna ta tun kafin a haifi kakanninmu, wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don Allah ina ganin girmansa ƙwarai kuma ba da shi nake ba. Amma ai marubucin nan bai ce a bar kiɗa ba, a wannan shafin dai ake kawo mana labarin waƙoƙin fim da na siyasa da na biki duk mako, to in dai za a saurari wani a bar wani, sai a yi adalci a saurara kafin a yanke.

Ba zan ɓoye ba, akwai ƙazanta a cikin rok, akwai ta sosai ma. Jimi Hendrix da Janis Joplin duk sun mutu a 1970 suna da shekara 27, ƙwaya na da hannu a mutuwar kowannensu, Kurt Cobain shi ma yana 27 ya kashe kansa a 1994. A ƙasar Nowe a farkon shekarun 1990 wasu samari 'yan wani reshe na metal, wato rok mai tsananin ƙara, sun riƙa cinna wa coci-coci wuta, har da wani tsohon ginin katako kusa da garin Bergen da aka ƙona a 1992. Wannan duk gaskiya ne, uba ya hana ɗansa irin wannan ni ma ina bayansa. Amma ba a taru an zama ɗaya ba ranka ya daɗe, kiɗan da ya haura shekara sittin ana yin sa a kowace nahiya, mai rassa kala-kala, ba za a ɗauki mafi munin reshen a ce shi ne bishiyar ba.

In ma asali ake nema, cocin baƙaƙen fatar Amurka na cikin wuraren da abun ya taso. Akwai wata mata Sister Rosetta Tharpe, an haife ta a 1915 a jihar Arkansas, mawaƙiyar coci ce mai rataye jitar lantarki tun ana ganin hakan abun mamaki, irin yadda take murza waya shi manyan 'yan rok na farko su Chuck Berry da Elvis suka taso suna ji. Akwai bidiyonta na 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, an yi ruwa ƙasa duk ta jiƙe, ga ta da doguwar kwat da takalmi mai tsini tana kaɗa jita, turawa samari sun saki baki suna kallo. Shi kansa Little Richard a 1957 yana kan ganiyarsa ya ajiye rok ya tafi karatun wa'azi, Elvis kuwa kyautar Grammy uku da ya ci a gasa, wato babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, duk a waƙoƙin coci ya ci su. Wanda ya ce shaiɗan ne ya haifi kiɗan nan bai bi tarihinsa ba.

Ni sana'ata caji da tura waƙoƙi a waya, ina da ɗan shago a nan Zariya, kuma a bencin ƙofar shagon nan muke da 'yar majalisarmu ta masu son irin wannan kiɗan, ba mu da yawa, mutane ma kallon waɗanda suka fita daban suke mana. Kada ka zata bakinmu ɗaya, wallahi musun da muke yi a tsakaninmu ya fi wanda muke yi da 'yan waje zafi, don akwai wani malamin sakandare da ya ce in ba kilasik ba, wato tsohon kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda, duk wasan yara ne, akwai wani abokina Kirista da ke kaɗa jita a cocinsu, sai ni da na mutu a kan rok mai dogon zango wanda masoyansa ke ce wa furog.

Bari in tsaya a kan furog ɗin nan don shi ne ya fi ƙaryata maganar wai ihu ne kawai. A ƙarshen shekarun 1960 wasu samari a Ingila suka gaji da waƙar minti uku mai baiti da amshi, baiti da amshi, a tashi. King Crimson suka fitar da faifansu na farko a 1969, daga nan su Yes da Genesis da Jethro Tull da Emerson Lake & Palmer suka shigo, Pink Floyd ma ana lissafa su a ciki. A 1972 Yes suka yi waƙa ɗaya da ta cinye fuskar faifai guda, minti 18 da ɗoriya, a shekarar kuma Jethro Tull suka yi wadda ta cinye fuska biyun duka, sama da minti 40, sai ka juya faifan kafin ka ji ƙarshenta. Kuma ba wai maimaita abu ɗaya ake ba, a'a, za a fara a hankali kaman asuba, sai ganga ta shigo, sai a ruga da gudu, sai komai ya tsaya cak a bar ogan, wato kibod irin na coci, shi kaɗai, can wajen minti na goma sha biyar sai ka ji ɗan sautin nan da aka fara da shi ya dawo amma ya canza kama ya girma, a lokacin tsigar jikinka ke tashi don ka gane ashe tun farko ana gina maka abu ne ba ka sani ba.

Ga wani abu da kowa zai iya gwadawa. Yawancin waƙoƙin da muke ji bugu huɗu-huɗu ne, ɗaya biyu uku huɗu a koma. Ka saka waƙar Money ta Pink Floyd ta 1973 ka riƙa buga cinyarka da tafin hannu kana ƙirga bes ɗin, wato jitar nan mai kaurin murya, za ka ga huɗu bai fita, sai ka kai bakwai kafin ya zagayo, sannan da an zo wajen da mai jita zai yi nasa sai su koma huɗu, ya gama su dawo bakwai ba tare da kowa ya yi tuntuɓe ba. Na taɓa nuna wa wani dattijo makaɗin kalangu da ya kawo cajin waya, ya karkata kai yana kaɗa ɗan yatsa a kan benci, zagaye biyu kawai ya kamo inda aka dosa, ya ce yaran nan sun san hannu. Shi bai ji turancin ba ko kalma ɗaya, amma ya ji aikin.

Kuma abun da ke ba ni mamaki, mu Hausawa ai mu ne bai kamata doguwar waƙa ta ba mu tsoro ba. Iyayenmu sun zauna sun saurari Shata yana jan waƙa ɗaya har kaset ya ƙare, sun saurari Narambaɗa da Ɗanƙwairo da 'yan amshinsu ana karɓa ana miƙawa ana sauya kiɗa a tsakiya, Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya riƙe taro. Kunnen da ya iya wannan ya iya furog. Yanzu ne dai aka koya mana gajen haƙuri, yaro ya zo shago ya ce a tura masa waƙa, daƙiƙa goma bai ji inda za a yi rawa ba ya ce a goge. Irin wannan kiɗan kuwa kaman ganda yake, sai ya daɗe a wuta, in ka sauke da wuri kai ka cuci kanka.

Ba wai furog ɗin bai da aibu ba. Wasunsu sun wuce gona da iri, ya zama nuna gwaninta kawai ba abun da ke taɓa zuciya. Yes ɗin nan a 1973 suka fitar da faifai biyu waƙa huɗu kacal, har mai kibod ɗinsu Rick Wakeman ya ƙosa ya bar ƙungiyar, shi ma kuma a 1975 ya je ya shirya wasa a kan ƙanƙara a Wembley da okestira, wato babban taron makaɗan kilasik, da 'yan rawa, abun ya cinye masa kuɗi. Shi ya sa da 'yan wani sabon reshen rok da ake kira punk suka taso wajen 1976 da waƙoƙinsu gajeru masu zafi, samari da yawa suka bi su. Sannan masoya furog, mu ɗin nan, muna da girman kai, wani sai ya riƙa raina duk wanda ke jin waƙa mai sauƙi kaman shi ya rubuta kiɗan, wannan hali ina yaƙar sa a majalisarmu don shi ke korar mutane.

Sai malaminmu na kilasik. Shi hujjarsa ita ce duk abun da nake yabo an riga an yi shi ɗaruruwan shekaru, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Bach ya yi aiki a garin Leipzig na Jamus daga 1723 har ya mutu a 1750, yana iya jera sauti huɗu kowanne na tafiyarsa daban amma su haɗu ba karo, Beethoven ya gabatar da simfoninsa ta tara, wato dogon kiɗan okestira, a Biyana a 1824 alhali kunnensa ya riga ya mutu, kiɗan da ya haura awa guda. 'Yan furog ba su ɓoye cewa nan suka sha ba, Jethro Tull sun ɗauki wani ɗan kiɗan Bach suka busa shi da sarewa a 1969, Emerson Lake & Palmer suka ɗauko aikin Mussorgsky ɗan Rasha na 1874 suka kaɗa shi da ganga da ogan na lantarki a 1971. Ko a gida Najeriya, Fela Sowande gwanin ogan ne da ya rubuta wa okestira kiɗa da sautukan Afirka, Fela Kuti kansa a Trinity ta Landan ya yi karatun kiɗa. Ni ma ina jin kilasik, musamman da dare in na rufe shago, kuma duk saurayin da ke son ya iya kiɗa da gaske ina ba shi shawara ya ji Bach.

Inda muka rabu da malam shi ne da yake cewa rok bai samun mutunci sai ya jingina da okestira. Ni ban ga haka ba. Deep Purple sun yi wasa da Royal Philharmonic a zauren Royal Albert Hall a 1969, Metallica ma sun yi da okestirar San Francisco a 1999, na ji duka biyun kuma a kunnena sau da yawa kowa harkarsa yake, masu goge na gefe masu jita na gefe. Kilasik a takarda yake, an rubuta komai, mutum tamanin su bi umarnin sanda ɗaya, kyansa ke nan. Rok kuwa a hannu yake da kuma muryar amfilifaya, yadda mutum zai danna waya ya tura ta sama da yatsa har ta yi kuka, mutum biyu su kaɗa abu ɗaya amma ka gane wane ne wane ido rufe. Wannan ba ya rubutuwa, kuma ba ya buƙatar izinin kowa kafin a kira shi fasaha.

Maganar waƙoƙin Kirista ita ce ta fi jawo mana ɗaga murya. Masu rok na coci a Amurka sun sha duka ta gaba da ta baya, fastoci na cewa sun shigo da kiɗan duniya ɗakin ibada, 'yan rok kuma na cewa na jabu ne. Larry Norman ya sha wannan tun farkon shekarun 1970, Petra da aka kafa a 1972 su ma haka, Stryper a shekarun 1980 da kayansu baƙi da rawaya suna jefa wa 'yan kallo Baibul daga kan dandamali, wasu masu wa'azi suka yi musu ca. A furog ma akwai Neal Morse da ya bar ƙungiyarsa Spock's Beard a 2002 saboda addini ya koma yin dogayen waƙoƙi a kan imaninsa, masoya suka rabu biyu har yau.

Ra'ayina a nan, da yawa daga cikin rok ɗin coci rauni gare shi, kuma na faɗa wa abokina ido da ido. Dalili shi ne an sa saƙo a gaba an bar kiɗan a baya, a duba abun da ke tashe a kwaikwaya a canza kalmomi, shi ke nan. Amma wannan ciwon ba nasu ba ne su kaɗai, mu ma ga shi nan a sutudiyoyinmu, kibod ɗaya, bugu ɗaya da aka ajiye a kwamfuta, yau a ɗora masa soyayya gobe siyasa jibi yabo. Wanda ya yi aikin da gaske kuma ko waye sai a ba shi haƙƙinsa. Panam Percy Paul ya daɗe yana riƙe da jita a Jos, Jeremiah Gyang ya yi waƙa da Hausa da jita a shekarun 2000 har musulmi suna bi. Ni musulmi ne, aƙidar da ke cikin waƙoƙin ba tawa ba ce, akwai baitukan da ba zan taɓa rerawa ba kuma abokina ya sani bai taɓa jin haushi ba, amma in hannu ya iya ba zan ce bai iya ba.

Na taɓa raka shi wajen gwajinsu ranar wata Asabar na tsaya daga bakin ƙofa. Ba wuta, ɗan ƙaramin janareta na ta ƙara a baya, sifikar ta tsage an liƙe ta da salatif, wani yaro da bai wuce sha huɗu ba yana zaune kan ganguna ƙafarsa da ƙyar take kai feda, abokina ya tsayar da su ya ce a sake, a sake, a sake, wuri ɗaya ake ta maimaitawa saboda mai bes na riga mai ganga shiga. Ya nuna mini kan yatsunsa na hagu, sun yi kanta sun tsage, wayar jitar ɗaya ta tsinke ya ƙulla ta don sabuwa tsada. Ranka ya daɗe a faɗi gaskiya, a arewa yau in kana neman inda yaro zai koyi kayan kiɗa da hannu, yawanci coci ne ko bandin 'yan sanda da na soja, sai gidajen makaɗan gado da su ma 'ya'yansu ke guduwa daga sana'ar.

Kuma abun ba ya rabuwa yadda mutane ke zato. Cat Stevens a 1971 ya rera wata tsohuwar waƙar coci, wanda ya kaɗa masa fiyano a ciki shi ne Rick Wakeman ɗin nan na Yes, bayan shekara shida a 1977 Cat Stevens ya musulunta, daga baya ya zama Yusuf Islam, ya ajiye jita shekaru masu yawa kafin ya dawo ya fitar da faifai a 2006. To wannan a wane kwando marubucinku zai saka shi?

Saura masu cewa ai ba namu ba ne, na turawa ne. Bayan yaƙin basasa Legas da garuruwan gabas cike suke da 'yan rok, su BLO da Funkees da Ofege waɗanda 'yan makarantar St Gregory's ne suna yara suka fara. Ginger Baker mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila ya ratso Sahara da mota ya zo Legas ya yi wasa da Fela har ya buɗe sutudiyo, Paul McCartney ya zo Legas a 1973 ya ɗauki faifai. Wannan kudu ke nan. Mu kuma ga maƙwabtanmu Buzaye da sauran 'yan Nijar, Tinariwen na Mali sun ci Grammy a 2012, Bombino ɗan Agadas ya shiga takarar Grammy da faifansa na 2018, Tal National na Yamai suna waƙa har da Hausa da Zabarmanci da jita mai gudun tsiya. Sai Mdou Moctar ɗan Nijar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son kiɗa, yau yana zagaya Amurka da Turai manyan mujallun kiɗa na saka shi cikin gwanayen jita na wannan zamani, lokacin juyin mulkin Nijar na 2023 ma suna Amurka suna wasa abun ya rutsa da su. Faifansa na farko a ina ya ɗauka? A Sakkwato, a 2008, da salon sutudiyon waƙoƙin Hausa na lokacin, kuma ta memori da Bluetooth ya yaɗu daga waya zuwa waya, wato ta hannun masu irin sana'ata. Turawa sun san wannan labarin sun rubuta shi, mu da abun ya faru a gidanmu ban taɓa ganin sa a jaridar Hausa ba, wannan yana min ciwo wallahi.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko duk wanda zai rubuta a kan wani kiɗa a shafinku, don Allah a ce ya zauna ya saurari ko faifai uku daga farko har ƙarshe tukuna, in ya ji bai so ya faɗi abun da bai so ɗin da dalili, za mu karanta mu amsa. Na biyu ku tura wakilinku na Sakkwato ya nemo sutudiyon da aka yi aikin nan na 2008 da wanda ya zauna kan na'ura, a ji daga bakinsa, na Jos kuma ya shiga wajen masu koyar da jita da ganga ya tambaye su nawa ake sayen waya yanzu da yadda suke fama da rashin wuta, in kuna da wakili a Nijar ya leƙa bikin aure a Agadas inda ake jona jita da janareta a fili. In kuka buga, ni zan sayi kwafi in liƙa a bangon shago.

Na gode da haƙurin karanta doguwar wasiƙa, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya